A bar tsofaffin motocin sufacaja su ci gaba da tsere

A watan Yunin 2012, a wani gwanjo da aka yi a Goodwood ta ƙasar Ingila, an sayar da wata jar Bentley mai kujera ɗaya a kan fam miliyan 5 da 'yan kai. Ita ce motar da direban tsere Tim Birkin ya zagaya filin tseren Brooklands da ita a 1932, yana gudun kusan kilomita 222 a awa. Duk sa'ad da irin wannan farashi ya fito fili, sai tsohuwar gardama ta taso tsakanin masu sha'awar tsofaffin motoci: shin ya dace a ɗauki abin da ya doshi shekara ɗari, wanda babu na biyunsa, a jefa shi cikin tsere inda kuskuren daƙiƙa guda zai iya mayar da shi tarkace? Wasu na cewa kayan tarihi ne, a kai shi gidan adana kayan tarihi a kewaye da igiya. Ra'ayina ya saɓa da nasu. Motar tsere da aka daina tayarwa lalacewa take yi a hankali, kuma kafin ita ta gama lalacewa, masu sanin yadda ake gyara ta da tuƙa ta sun ƙare.

Duk bakaniken da ya taɓa injin tirela ya san turbo. Sufacaja ɗan'uwansa ne, aikinsu ɗaya: su cusa wa inji iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, don ya ƙona mai da yawa ya ba da ƙarfi. Bambancinsu shi ne turbo hayaƙin salansa ke juya shi, sai inji ya ɗau zafi da gudu kafin ya amsa, shi kuwa sufacaja karanshaf ne ke juya shi kai tsaye ta giya ko sarƙa, da ka taɓa totur ƙarfi ya zo. Irin da ya fi yawa a motocin 1920 zuwa 1939 shi ne na Roots, wanda wasu 'yan'uwa biyu na jihar Indiana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista a 1860 don hura wutar narka ƙarfe. Zugazugin maƙera ne aka ɗaura wa mota. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu siffar lamba 8 da ke juyawa suna kwasar iska, ba sa taɓa juna, ba sa taɓa bangon gidansu, ratar da ke tsakani kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ce. Giya biyu da ke gefe su ke riƙe wannan tazara. Idan boris ya saki, ko wani ɗan noti ya faɗa ciki, ƙarafan za su gogi juna, ɓarɓashin alminiyam ya zarce cikin silinda, an yi asarar sufacaja da inji a lokaci guda.

Kowane kamfani da yadda ya ɗauki abin. Mercedes ta yi nata ta yadda ba ya aiki sai direba ya danne totur har ƙasa, sannan wani kuloci ya kama, ya fara hura iska ta cikin kafireta da wata ƙara mai tsinka kunne. Ba a yi shi don a riƙe shi tsawon lokaci ba, na 'yan daƙiƙu ne wajen tashi ko wuce abokin hamayya. Bugatti da Alfa Romeo da Bentley kuwa nasu kullum yana juyawa, kuma kafireta tana gabansa, wato abin da yake turawa iska ce da ta riga ta cakuɗu da mai. A Bentley mai lita huɗu da rabi, Amherst Villiers ya dasa sufacajan a can gaba, a ƙarƙashin lagireto, a bakin karanshaf. Injin da ke ba da ƙarfin doki 110 ya koma 175 a motar titi, na tsere har 240. W. O. Bentley, wanda ya kafa kamfanin, da kansa bai so wannan aiki ba, kuma tarihi bai ƙaryata shi ba: nauyin da aka ƙara a gaba ya sa motar ba ta son shan kwana, injin kuma ba ya jure doguwar tafiya. A tseren awa 24 na Le Mans na 1930, Birkin ya yi ta kai ruwa rana da Rudolf Caracciola mai tuƙa Mercedes mai lita 7, amma motocin sufacajan ba su kai ƙarshe ba, Bentley Speed Six marar sufacaja ce ta lashe. Abin da ya fi ɗaga darajar motar a shekarar shi ne na biyun da Birkin ya zo a Pau ta Faransa, a tsakiyar ƙananan Bugatti da nauyinsu bai kama ƙafar nata ba.

A nan ne sha'awar take, kuma a nan wahalar take. Iska idan aka matse ta zafi take yi, waɗannan motoci kuma ba su da na'urar sanyaya ta kafin ta shiga silinda. Iska mai zafi da matsi mai yawa suna sa mai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama cin sa. Ana jin sa kamar ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe, sai dai a motar tsere marar rufi ƙarar salansa ta danne shi, direba ba zai sani ba sai fistin ya huje ko gaskit ya ƙone. Shi ya sa masu ƙera su suka rage matsin cikin silinda ƙwarai, wasu zuwa kusan 5 bisa 1, suka kuma sa kafireta ta riƙa ba da mai fiye da kima. Man da ya wuce kima ba ɓarna ba ne a nan, shi ke sanyaya fistin. Mai irin wannan mota da ya ce zai ƙanƙance jet, wato ƙofar da mai ke bi a kafireta, don ya yi tattalin mai, kuɗin sabbin fistin yake tarawa. Hanyar da ake bi don a san gaskiya tsohuwa ce: a ba mota wuta sosai a miƙaƙƙiyar hanya, a kashe maganeto, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, nan take tare da taka kuloci, a gangara a tsaya, a kwance fulogai a duba. Fari tas yana nufin mai ya yi kaɗan, akwai haɗari. Ɗigo-ɗigon alminiyam a bakin fulogi yana nufin fistin ya fara narkewa, a kai mota gida.

Motoci masu kujera ɗaya, irin ERA da aka fara ƙerawa a garin Bourne na Ingila a 1934, sun kauce wa matsalar ta hanyar shan mesanol, wani nau'in sifirit, maimakon fetur. Mesanol yana ɗauke zafi da yawa sa'ad da yake zama tururi, har a kan ga raɓa ta kwanta a jikin bututun da ke tsakanin kafireta da sufacaja a rana mai zafi, kuma ba ya saurin fashewa da kansa. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya nasa, mesanol 6.4 kawai, saboda haka dole a ninka girman jet da bututun mai da famfo, a kuma ɗauki mai ninki biyu ko fiye. Alfa Romeo 159 ta 1951 ta fitar da ƙarfin doki wajen 425 daga injin lita ɗaya da rabi, amma lita ɗaya ta mai ba ta kai ta kilomita guda ba, kuma yawan tsayawa shan mai na cikin abin da ya sa Ferrari marar sufacaja ta doke ta a Silverstone a wannan shekara. Mesanol yana zuƙar ruwa daga iska, yana cin alminiyam da maganiziyam da tsohuwar roba. Idan aka bar shi ya kwana biyu a kafireta, farin gari za a tarar ya toshe jet. Don haka bayan kowane tsere sai an juye tanki, an tayar da inji da fetur na 'yan mintuna ya wanke hanya. Yana kuma tsiyaya ta gefen ringi ya tsinka baƙin mai, wanda ke nufin juye na bayan kowane taro, ba na bayan kilomita dubu kaza ba. Mafi muni, wutarsa ba a ganinta da rana. Mutum na iya ƙonewa na kusa da shi ba su ankara ba, abin da ya sa ake liƙa alama a jikin motar don masu kashe gobara su san me take sha.

Tayar da ita da safe ma aiki ne mai tsari. A motoci da yawa na zamanin babu famfon mai na lantarki, da hannu ake buga iska cikin tanki har allura ta nuna matsin fam ɗaya da rabi zuwa biyu, matsin ne ke tura mai gaba. A sa fulogai masu laushi, waɗanda ke riƙe zafi don kada mai ya jiƙa su. A ja sandar tayimin da ke kan sitiyari baya, in ba haka ba inji zai yi tutsu ya bugi hannun mai murɗawa. Da ta kama, ido na kan allurar baƙin mai, ba a yi mata ihu sai mai ya yi ɗumi, musamman idan man zurman ne, wanda yake da kauri da sanyi amma ba ya gudu daga ƙarfe idan zafi ya kai maƙura. Shi ne ke ba da ƙamshin da duk mai zuwa kallon irin wannan tsere ya sani. Ba ya haɗuwa da baƙin mai na yau da kullum, idan aka gauraya su dunƙulewa suke yi su toshe hanyoyin mai, kuma idan mota ta daɗe a ajiye yana daskarewa ya zama danƙo. Wasu kanikawan kan ɗaga ƙafafun baya a jak, su sa giya, su bar tayoyi na juyawa don giyabos da akasil su ma su ɗumama. Sai an gama duk wannan a kashe, a cire fulogai masu laushi, a ɗaura masu tauri na tsere. Wanda ya manta ya shiga fili da masu laushi, bakin fulogin zai yi ja ya kunna mai kafin lokaci, kuma ƙarshensa fistin ne. Akwai kuma wani ƙaramin bawul mai sifirin a bututun shiga, wanda ke buɗewa idan wuta ta dawo baya. Yana da sauƙin mantawa. Idan ya laƙe, ranar da inji ya yi atishawa gidan sufacajan ne zai tsage.

Duk abin da na lissafa ba ya cikin gidan tarihi. Yana hannun mutanen da ke yin sa kowane mako. Akwai masu zuba farin ƙarfe a boris su kankare shi da hannu har ya zauna daidai, domin yawancin waɗannan injuna ba su san metal ɗin da ake saye a kwali ba. Akwai masu sake naɗa wayar maganeto, don tsohon ƙaron da ke jikinta narkewa yake idan ya ji zafi, mota ta yi lafiya da safe ta ƙi tashi da rana. Akwai masu harhaɗa karanshaf na Bugatti 35B, irin wadda William Grover-Williams ya ci tseren Monako na farko da ita a 1929, wanda gunduwa-gunduwa yake a kan boris masu birgima, kuma sai an warware shi an duba lokaci-lokaci. Waɗannan masu sana'a suna samun aiki ne saboda ana fasa abubuwa a fili ana kawo musu. Kamfanin Dunlop bai daina yin tayoyin tsere na tsohon yayi ba saboda akwai masu cinye su. ERA 17 aka ƙera na samfurin farko, kusan dukansu suna nan, kuma dalilin shi ne ba a taɓa barinsu sun huta ba. Motar da aka ajiye shekara ashirin, roba ta bushe, ruwa ya ci hanyoyin cikin inji, sifirin ɗin bawul da ya zauna a matse ya mutu, maganaɗisun maganeto ya yi sanyi. Daga waje tana ƙyalli.

Masu cewa a ajiye suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Ƙarfe yana gajiya. Karanshaf da aka ƙera a 1930 yana da iyakar juyin da zai yi, kuma kwanrod ɗaya da ya karye na iya fasa bulok ɗin da Vittorio Jano ya zana wa Alfa Romeo 8C, motar da ta ci Le Mans sau huɗu a jere daga 1931 zuwa 1934. Amsar wannan ba kulle gareji ba ce. Duk shekara a kwance sandunan sitiyari, da ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, da hob, da karanshaf, a gwada su da maganaɗisu ko da jan ruwan da ke shiga tsaga ya tona ta. A duba haƙoran hob na tayoyin waya, don idan suka cinye taya na iya juyawa a banza lokacin da aka taka birki. Abin da ya gaji a cire shi, a ƙera sabo a kan ma'auninsa, shi kuma tsohon a shafe shi da mai, a rubuta masa lamba, a ajiye, ya bi motar duk inda aka sayar da ita. Haka mutanen 1930 suka yi, sai dai su ba su ajiye tsohon ba. Motar tsere ba ta taɓa zama abu ɗaya tsayayye ba, wata kotun Ingila ma ta yarda da haka a 1990 a shari'ar Bentley da ake kira Old Number One, inda ta ce tarihin motar da bai yanke ba shi ne abin dubawa, duk da sassa da yawa an sauya su.

Inda nake ganin ana ɓata lamarin shi ne wajen neman nasara ko ta halin ƙaƙa. Mai kuɗi na iya sa a yi masa sabon inji da ƙarfen zamani, a ƙara gudun sufacaja, a fitar da ƙarfin da motar ba ta taɓa gani ba a zamaninta, sannan a ɗora shi a kan shasi da birki da siraran tayoyin 1934. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da ƙa'idojin tsofaffin motoci da takardar shaida da ake ba kowace mota cewa ta dace da yadda aka yi ta, amma takarda ba ta leƙa cikin inji. Masu shirya tsere ya kamata su riƙa auna matsin sufacaja, su buɗe injin wanda ya yi nasara, ko da ransa zai ɓaci. Haka batun kwafi. Wani kamfani a Ajantina, Pur Sang, yana ƙera Bugatti 35B sabuwa fil, Bentley ma a 2019 ta sanar da ƙera sababbin Blower, wato samfurinta mai sufacaja, guda 12 bayan ta warware ɗaya daga motocin Birkin ta auna kowane sashe. Ban ga aibu a wannan ba, yana ma rage wa na asali nauyi. Aibin yana wurin wanda zai buga tsohuwar lambar shasi a kan sabon ƙarfe ya yi shiru.

Maganar haɗari gaskiya ce, ba a rufe ta da ado. Babu bel, domin babu ƙarfen kariya a saman kai, kuma ɗaure mutum a motar da za ta kife a kansa bai fi barinsa ba. Tankin mai yana bayan direba. A Alfa Romeo da Bentley da wasu da yawa totur yana tsakiya, birki a dama, wanda ya saba da motar yau idan ya firgita zai taka abin da bai yi niyya ba. Giya ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu tare da daidaita gudun inji da kunne. ERA da MG K3 suna da wata irin giya da ake zaɓa tun kafin a kai kwana, sai an taka feda sannan ta shiga, idan kuma sandar ba ta zauna daidai ba fedar kan harbo da ƙarfin da zai gurɗa ƙafa. Birki na ganga ne, na waya ko na sanda, bayan zagaye kaɗan ya ɗau zafi ya fara santsi, kuma idan ba a daidaita ƙafafu huɗun ba mota za ta fizga gefe. Ko salansa abin tsoro ce: Birkin ya ƙone a hannu da ita a tseren Tarabulus na 1933, makonni kaɗan bayan haka ya rasu a Landan. Baligi da ya san wannan ya zaɓa, zaɓinsa ne. Abin da ba zaɓi ba ne shi ne lafiyar 'yan kallo da ma'aikatan fili, kuma a nan filayen yau sun yi nisa da na da.

Masu kukan hayaƙi kuwa, mota irin wannan ba ta wuce 'yan awoyi a fili a shekara, tirelar da ke ɗauko ta ta fi ta shan mai. Tun 2024 duk tseren Goodwood Revival, taron tsofaffin motoci na shekara-shekara, da man da ba daga rijiya aka haƙo yawancinsa ba ake yi, injunan kuma sun karɓa. Man gidan mai ne ma ya fi ba su wahala, tun da Birtaniya ta koma fetur mai kashi 10 na etanol a 2021, wanda ke cin tsofaffin tiyo da dalmar tanki.

An ce wasan attajirai ne. A Monako da Le Mans Classic, haka ne. Amma ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Ingila, VSCC, wadda aka kafa a 1934, cike take da masu Austin Seven mai injin cc 747, da Riley, da ƙananan MG da aka ɗaura wa sufacaja a gareji na bayan gida, kuɗinsu bai kai na sabuwar jif ba. Mai son shiga, a nan ya kamata ya fara, kuma ba da tseren gwamutsuwa ba. Ya fara da hawan tudu, inda mota ɗaya ke tafiya ita da agogo, kamar Shelsley Walsh mai tsawon yadi 1,000 da ake yi tun 1905, ko Prescott. Kafin ya biya kuɗin mota ya nemi takardun wanda ya haɗa injin da ranar da aka yi, ya sa a auna ratar sufacaja, ya duba matsin baƙin mai bayan inji ya yi zafi sosai ba da sanyin safiya ba, ya tambayi yaushe aka yi gwajin tsaga na ƙarshe. Idan mai sayarwa ba shi da amsa, a cire kuɗin buɗe inji gaba ɗaya daga farashi. Shekarar farko ya sa agogon matsin iska da na zafin mai a inda idonsa zai gani, ya ja jan layi a agogon juyin inji ɗari biyar ƙasa da inda tsohon mai motar ya ce, ya bar jet ɗin da girmansu.